Rumbun da Ya Mutu da Amana a Cikinsa

Ƙarar ta fara ne da daddare, a tsakiyar hunturu, lokacin da ƙura ta lulluɓe Tamale har fitilun hanyar Bolgatanga suka koma kamar garwashi a cikin toka. Malamin yana zaune a zaurensa na Zango, ya jona ɗan baƙin akwatin nan da kwamfutarsa yana neman wata takarda, sai ya ji ƙas, ƙas, ƙas, a hankali, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa da farce. Ya zare waya ya mayar. Ya hure bakinta ya sake mayarwa. Ɗan hasken da ke jikin akwatin ya kama, abin da ke ciki ya yi gurnani kamar zai tashi, sai ƙwanƙwasar ta dawo. Kwamfuta kuwa ba ta nuna ta san an jona mata komai ba.

Masu gyara suna kiran wannan na'ura da sunanta na Turanci, amma shi rumbu yake ce mata, kamar yadda ake faɗa a rediyo. Sunan ya dace ta fuska ɗaya, domin wurin ajiya ne na abin da ake tsoron rasawa. Ta wata fuskar kuwa ya yi kuskure. Rumbun gero idan ya rushe kowa yana ganin inda hatsin ya zube, idan kuma aka kwashe shi, to, an kwashe, ko ɓera ya shiga sai ya fito da yunwarsa. Wannan rumbu ba haka yake ba, kuma malamin bai san bambancin ba sai a cikin makonni uku da suka biyo bayan wannan dare.

Aikinsa na albashi koyarwa ne a ɗaya daga makarantun Turanci da Larabci, irin waɗanda gwamnatin Ghana ta shigar ƙarƙashin sashen ilimin Musulunci tun 1987. Kakansa yana cikin Hausawan da suka watse daga Salaga bayan yaƙin basasar 1892, ya zo arewa da 'yan littattafansa a gafaka. Daga wurin kakan aka gaji alƙalami a gidan, tare da wani muƙami da ba wanda ya taɓa naɗa kowa a kansa: magatakardan unguwa. Idan za a ɗaura aure shi ke rubuta sadaki. Idan aure ya mutu shi ke rubuta takarda. Rabon gado, yarjejeniyar bashi, jinginar fili, cike takardun maniyyata tun da jirgin alhazai ya fara tashi kai tsaye daga Tamale a 2016, duk a zaurensa ake yi. Da can takarda ce da tawada. Da zamani ya juya sai kowace takarda ta zama hoto a waya, hoton ya koma kwamfuta, kwamfutar ta cika ta fara nishi. Shi ya sa ya sayi rumbu na waje, mai cin terabait 2, ya kwashe kome ya zuba a ciki. Kwashewa ya yi, bai kwafa ba. A ganinsa ajiye abu ɗaya a wuri biyu ɓarnar wuri ce.

A ciki akwai hotunan rubuce-rubucen ajami na kakansa da wasu da ya aro daga gidajen malamai a Yendi da Salaga ya ɗauka ya mayar. Akwai hotunan katin ɗan ƙasa, gaba da baya, na zawarawa da masu riƙon marayu da ƙungiyar masallacinsu take taimaka wa, kowanne da lambar wayar da ake tura masa kuɗi. Akwai fasfo na alhazai. Akwai sunayen masu bashi da abin da ake bin kowa, har da waɗanda ake yi wa kallon masu hali. Sannan akwai wani ɗan bidiyo na minti shida.

Wani attajirin hatsi ne, a gadon asibiti, kwana biyu kafin rasuwarsa. Ya sa aka fitar da kowa sai malamin da shaida ɗaya. Ya yi wasiyya da wani kaso daga cikin sulusin dukiyarsa ga wata yarinya da ke Kumasi, ya kuma faɗi dalili da bakinsa, yana kuka. Iyalinsa abin da suka sani shi ne marainiya ce da marigayin yake taimako, kuma haka ya roƙa a bar maganar. An ɗauki bidiyon ne kawai don ya zama hujja idan wani magaji ya yi jayayya, domin ba a sayar da gidan da kason zai fito daga ciki ba tukuna. Yarinyar ita kanta ba ta san ko 'yar wane ce ba. An kusa sa mata rana.

Da gari ya waye ya ɗauko rasidi daga cikin littafin da yake ajiye irin waɗannan takardu. Garanti na shekara biyu, an ci wata goma sha huɗu. Ya ji sanyi a ransa, ya hau babur ya nufi shagon da ya saya, a tsakiyar gari.

Yaron shagon Badagombe ne mai fara'a, yana jin Hausa irin ta kasuwannin Ghana, wadda ba ta raba namiji da mace a lamiri, har ya kan ce wa uwar ɗakinsa "ya tafi banki". Ya jona rumbun, ya kara kunne, ya girgiza kai.

"Afa, wannan ya gama. Amma ka yi sa'a, takardarka yana da rai. Ka bar shi nan, mu aika Accra, sati shida ko takwas sabo ya zo."

"To, madalla. Wannan tsohon fa, ina za shi?"

"Wurin dila, a Accra."

"Daga wurin dila fa?"

Yaron ya yi dariya, ba ta raini ba. Ya ce tun da yake aiki a shagon ba wanda ya taɓa tambayarsa wannan. Wataƙila a mayar wa kamfani a ƙasar waje, wataƙila a tara su a sito. Shi dai ya san kwali yake sa su, ya rubuta lamba, ya kai tasha.

"Abin da ke ciki fa?"

"Afa, ai ya mutu. Kai da kanka ba ka iya buɗe shi."

Wannan amsa ta kusa gamsar da shi. Har ya miƙa hannu zai karɓi takardar shaidar ajiya, sai ya hangi wani kwali a ƙarƙashin teburin, buɗe, da rumbuna huɗu ko biyar a ciki, kowanne an manna masa 'yar takarda. Wani saurayi da ya shigo sayen waya ya jingina da teburin, ƙafarsa tana taɓa kwalin. Malamin ya mayar da rumbunsa aljihu, ya ce zai dawo.

Yana da 'yar ƙanwa da ta karanta ilimin kwamfuta a Jami'ar Fasaha ta Tamale, tana aiki da wata ƙungiya mai zaman kanta. Ranar Asabar ta zo a kan babur ɗinta, da jaka a baya, ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta baje kayanta a kan tabarma. Ita ce ta fara bayyana masa abin da ke cikin akwatin. Faifai ne, ɗaya ko biyu, masu santsi kamar madubi, an shafe su da sinadarin da ke riƙe maganaɗisu. Suna juyawa sau 5,400 a minti ɗaya, wato sau 90 a daƙiƙa ɗaya. A samansu akwai ɗan hannu mai kai kamar bakin allura, wanda ke rubutu da karatu ba tare da ya taɓa faifan ba, yana shawagi a kan iska da tazarar da ƙwayar ƙurar hunturu ta fi ta kauri nesa ba kusa ba. Ƙwanƙwasar da yake ji, hannun ne ke fita neman alamar da zai gane inda yake, ya rasa, ya koma ya bugi madogararsa, ya sake fita.

"Kawu, ka ga makaho ne a ɗakin karatu," in ji ta. "Littattafan suna nan a jere. Idonsa ne ya tafi."

Ta ce sau da yawa haka mutuwar rumbu take. Ko kan karatun ya lalace, ko allon lantarkin da ke bayansa ya ƙone, ko injin juyawa ya tsaya, amma faifan da rubutun da ke kansa lafiya lau. Akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan: su buɗe rumbu a ɗakin da aka tace iskarsa, su ciro kai daga wani rumbu irinsa su dasa, su kwafe kome. Aikin yana da tsada, yakan ninka kuɗin rumbun sau da dama. Amma wani lokaci ba a ma bukatar wannan duka. Rumbu mai ciwo yakan farfaɗo da kansa na ɗan lokaci, idan an canja waya, ko ya huta ya huce.

Haka kuwa aka yi. Ta canja waya, ta jona shi da tata kwamfutar, suka zauna. Karo na farko ƙas, ƙas. Karo na biyu haka. A karo na biyar ƙwanƙwasar ta tsaya, sai ga sunayen jakunkuna sun jero a kan allo, kamar yadda ya bar su.

Ya yi hamdala da ƙarfi. Ita kuwa ba ta ɗaga kai ba. Ta ce ba ta san minti nawa suke da shi ba, kuma abu biyu ne ke gabansu, ba lallai su sami duka ba: ko su kwashe abin da za su iya, ko su shafe. Shafewar gaskiya ba ita ce danna "goge" ba. Gogewa irin ta kullum suna kawai take cirewa daga jerin sunaye, kamar a yage shafin farko na littafi inda aka jera babi-babi, a bar sauran shafukan. Ko wankin rumbu na gaggawa da ake yi kafin a sayar da kwamfuta bai wuce haka ba. Sai an bi kowane gurbi an rubuta wani abu a kansa, ko da sifili ne. A da ana cewa sai an maimaita sau da yawa. Wani masani mai suna Peter Gutmann ya kawo tsarin bi 35 a 1996, saboda rumbunan wancan zamani. Hukumar ma'auni ta Amurka, NIST, a jagorar da ta fitar a 2006, ta ce ga rumbunan yanzu bi ɗaya ya wadatar. To amma bi ɗaya a kan terabait 2 aikin awanni ne, ga rumbu mai lafiya ma.

"Me za mu fara ɗauka, Kawu?"

Bai yi dogon tunani ba. Ya nuna wata jaka da yatsa. Da ta buɗe ta sai ya tuna yadda yake sa wa abubuwa suna: cikakken sunan mutum, da abin da ya kawo shi. Sunan marigayin yana nan, da kalmar wasiyya, da sunan yarinyar. 'Yar ƙanwar tasa ta san gidan, ta yi makarantar allo da 'ya'yansa. Ta ja fayil ɗin zuwa nata wurin, idonta a kan yatsunta, ba ta ce kome ba, shi ma bai ce ba. Bayan wannan suka ɗauki takardun gado guda uku da ba a kammala ba, suka fara jan hotunan ajami. An kai kamar kashi ɗaya cikin biyar sai layin ya tsaya. Ƙas, ƙas, ƙas.

Sun yi ta gwadawa har la'asar. Ya sake farkawa sau ɗaya, ta sa umurnin shafewa, ya ci ɗan abin da bai kai a ambata ba, ya sake suma. Daga nan bai ƙara tashi ba.

Da dare ya yi sai abin da ya faranta masa rai da rana ya zama shi ne abin tsoro. Ya gani da idonsa cewa kome yana nan. Abin da ya farka a kan tabarmarsa yana iya farkawa a kan teburin wani.

Ba tsoron banza ba ne, kuma ba sai an je nesa neman misali ba. A 2009 wasu ɗaliban aikin jarida daga Jami'ar British Columbia ta Kanada, tare da malaminsu Peter Klein, sun zo Ghana suna bin sawun tsofaffin kayan lantarki da ake jibgewa daga Turai da Amurka. A wata kasuwa a Tema suka sayi tsofaffin rumbuna. Ɗaya daga ciki, wanda suka biya dala 40, da aka buɗe shi sai ga ɗaruruwan takardun kwangila tsakanin gwamnatin Amurka da kamfanin Northrop Grumman, mai ƙera kayan yaƙi. An nuna labarin a shirin Frontline na talabijin ɗin PBS. Tun kafin nan, a wani binciken da aka wallafa a 2003, wasu ɗalibai biyu na jami'ar MIT, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, sun sayi tsofaffin rumbuna 158. Guda 129 suna aiki, 12 kaɗai aka shafe yadda ya kamata, kuma a sauran suka tarar da dubban lambobin katin banki da bayanan marasa lafiya da wasiƙun mutane. Gani ga wane, in ji Hausawa, ya ishi wane tsoron Allah.

Gaskiya ita ce, hatsarin bai kai yadda tsoro ke zana shi ba. Manyan masu ƙera rumbu suna cewa abin da aka dawo musu da shi ko su shafe shi su gyara su sake fitarwa, ko su lalata. Ma'aikacin da dubban rumbuna ke wucewa ta gabansa ba shi da lokacin leƙa na wani malamin Zango. Sai dai su kansu kamfanonin sukan rubuta a sharuɗɗan garanti cewa ba su ɗauki alhakin abin da ke ciki ba, mai kaya ya kwafe ya shafe kafin ya aiko, shawarar da ba ta da amfani ga wanda rumbunsa ya daina amsawa. Kuma da ba su san akwai matsala ba, da Dell da HP da Lenovo ba su riƙa sayar wa bankuna da asibitoci wani ƙarin sharaɗi ba, wanda ke ba mai kaya damar karɓar sabon rumbu ya riƙe mataccen. Wannan sai an saya tun farko, kuma ga manyan ma'aikatu aka fi yin sa. 'Yar ƙanwar tasa ta koma shagon ta tambaya ko za a karɓi murfi da lambar rumbun kawai, a bar musu faifan. Uwar shagon ta buga waya Accra a gabanta. Amsa ta zo cewa ko kusa ɗaya aka kwance, garanti ya faɗi.

Rumbun da kuɗin ƙungiya aka saya rabi, don haka ranar Juma'a bayan an sauko ya kai maganar gaban dattawa, bai ambaci wasiyyar ba. Ma'ajin ƙungiyar, wani Alhaji mai sayar da kayan gini, mutum mai tsantseni da kuɗin jama'a, ya saurara har ƙarshe.

"Malam, ni ban ga abin wahala ba. Kuɗin nan buhun masara nawa ne ga marayu? A ce a jefar da su saboda zato? Kaya za su tafi Sin ko wata ƙasa. Wa zai ji Hausa a can? Balle ajami."

Maganar ta yi wa mutane daɗi, aka yi dariya. Akwai wani tsohon tunani a cikinta, cewa harshen mutum katanga ne. Fatake sun daɗe suna cinikin goro da Hausa a gaban wanda ba ya ji, malamai sun daɗe suna rubuta asirinsu da ajami suna barin takardar a fili. Amma malamin ya riga ya bi hanyar a zuciyarsa dare da yawa. Ya ce, "Alhaji, kafin kaya su kai Sin, ta ina za su bi?" Za su kwana a kwali a shagon da rabin unguwar nan ke shiga. Za su hau mota su yi tafiyar kilomita kusan 600, ta Kintampo da Techiman da Kumasi. Za su sauka Accra, wadda tsofaffi ke kira Ankara, inda Hausa ce harshen titi a Nima da Mamobi da Sabon Zango. Idan dila ya ga bai cancanci kuɗin jirgi ba ya tura shi bola, to, waɗanda suka yi shekaru suna fasa irin waɗannan kaya a Agbogbloshie, kafin gwamnati ta rushe wurin a Yulin 2021, yawancinsu 'ya'yan arewa ne, daga Tamale da ƙauyukanta. Sana'ar kuwa ba ta mutu da rushewar ba, watsuwa ta yi. Ba baƙon da ke bayan teku yake tsoro ba. Wanda ya san gidan yake tsoro.

Sannan lamba ba ta bukatar tafinta. Hoton kati da lambar waya da sunan uwa sun ishi ɗan damfara ya kira bazawara ya ce daga kamfanin waya yake, ya karanto mata bayananta daidai har ta yarda ta faɗi lambar sirrinta. Wannan kowa a wurin ya san wanda aka yi wa.

Wani matashi a cikin taron, ma'aikacin gwamnati, ya ƙara da cewa akwai ma doka. Dokar kare bayanan jama'a ta 2012, mai lamba 843, ta ɗora wa duk wanda ke tara bayanan mutane nauyin tsare su, kuma idan zai kawar da su ya yi ta yadda ba za a iya sake haɗa su a karanta ba. Alhaji ya ce shi bai san ƙungiyar masallaci ta zama banki ba. Aka tashi ba a yanke kome ba, aka ce Malam ya yi abin da ya gani, wanda a irin wannan taro ma'anarsa ita ce, idan an yi asara tasa ce.

A hanyar gida kalmomi biyu suka riƙa yi masa yawo, ajiya da amana. Ajiya abu ce da ake iya ƙirgawa a mayar: buhu goma aka ba ka, buhu goma za ka fito da su. Idan ta ɓata ana biya. Amana ta fi faɗi, domin tana shiga har abin da ba a miƙa da hannu ba, abin da aka gani ko aka ji. Katunan zawarawan nan ba su ɓata ba, suna hannun masu su. Marigayin ba abin da zai nema a mayar masa. Abin da aka ba shi riƙo shi ne kada wani ya gani, irin wannan kuwa ba a biyan sa idan ya zube, magana ce zarar bunu. Da sirrinsa ne shi kaɗai, yana da ikon ya auna hatsarin da kuɗin ya ce ya yarda. To, wa zai je ya tambaya? Mamaci, ko yarinyar da ba ta san akwai abin tambaya ba?

Saura hanya ɗaya mai sauƙi: kada ya mayar, kada ya fasa, ya jefa shi a akwati ya kulle. 'Yar ƙanwarsa ma ta fi son haka, ko wata rana a sami kuɗin ceto sauran hotunan ajami. Ya kwana biyu a kan wannan shawara. Abin da ya kore ta tunawa ce da wani rabon gado da shi da kansa ya yi shekaru uku da suka wuce. Mamacin akawu ne. Bayan an raba gida da babur da tufafi, sai aka rage da tarkace a kusurwar ɗaki, tsohuwar kwamfuta da wayoyi da rediyon da ba ya magana. Magada suka ce ba mai so. Shi ne ya ce a kira 'yan gwangwan su auna, a raba kuɗin. Ya tuna yaron da ya ɗora kwamfutar a kan kura ya tura ta fita. Bai taɓa tambayar kansa abin da ke cikinta ba sai yanzu. Shekarunsa sittin da ɗaya, kuma ya san yadda ake yi da akwatin mamaci.

Hotunan ajami kuwa, na kakansa takardun suna nan a gafaka, sai a sake ɗauka. Na Yendi da Salaga sai ya sake bin gidajen ɗaya bayan ɗaya, ya sake gaisuwa, ya sake roƙo. Biyu daga cikin malaman da suka ara masa sun rasu, bai san hannun da takardunsu suka faɗa ba. Wannan ya yi masa ciwo fiye da kuɗin.

Abin da aka ceto yanzu yana cikin 'yar ƙaramar ma'ajiya da 'yar ƙanwarsa ta kulle da VeraCrypt, manhajar da ke juya rubutu ya zama shirme ga duk wanda ba shi da kalmomin buɗewa. Ta ce da tun ranar farko an yi wa rumbun haka, da yau ya miƙa shi a shago hankali kwance, ko wa ya farkar da shi ba abin da zai gani. Ba ta faɗa da zargi ba, domin ita ce ta raka shi sayen, kuma ba ta tuna ba. Kalmomin buɗewar ya zaɓi guda shida da ba su da dangantaka da juna, ya rubuta a takarda biyu, ya ba shaidan wasiyyar ɗaya a cikin ambulan da aka liƙe, saboda kulle da mabuɗinsa ke cikin kan mutum ɗaya yana bin mutumin kabari.

Ranar Asabar ta uku ya tafi wurin wani mai walda da ke gyara masa babur. Mutumin ya ɓare baƙin akwatin da sukuddireba, ya ciro rumbun kansa, ɗan ƙarfe da bai fi tafin hannu ba. Kusoshinsa masu kan tauraro ne, ɗaya a ɓoye ƙarƙashin takardar da aka manna, sai da aka aika yaro aro abin kwancewa. Da murfin ya tashi sai ga faifan, fes, ba ko ƙwarzane da ido ke gani. Malamin ya sunkuya ya ga fuskarsa a ciki, da hula da furfura. Shekara da shekaru yana wanke allo, ya san yadda rubutu ke narkewa ya bi ruwa, ya san takardar da ke da sunan Allah ƙona ta ake yi ko a binne. Wannan ba ya wankuwa, kuma ba a ga rubutun ba balle a san ya fita.

Mai walda ya ce na irin wannan ƙaramin sau da yawa gilashi ne, a ja baya. Ya naɗe faifan a tsumma, ya ɗora a kan maƙera, ya ɗaga guduma. Bugu ɗaya, sai aka ji kamar an taka kwalba. Ya ƙara uku. Da aka buɗe tsumman sai gari mai ƙyalli da 'yan ɓarɓashi. Malamin ya ƙulle shi da kansa ya sa a aljihu, inda rasidin yake, mai sauran wata tara da 'yan kwanaki.

"Malam, wannan fa?" Mai walda ya ɗaga wani ɗan lanƙwasasshen ƙarfe da ya manne wa guduma ƙam. Maganaɗisun da ke motsa hannun karatu ne. "In ba ka so, yana yi mini amfani wurin tsince kusa a ƙasa."

Ya tambaya ko akwai rubutu a jikinsa. Aka ce babu. Ya ce ya riƙe.

Yana tura babur zai hau sai waya ta yi ƙara. Yaron shago ne. "Afa, kwali yana tafiya Accra ranar Litinin. Ka kawo naka gobe, kada ka jira wani wata."

Malamin ya yi masa godiya, ya tambayi lafiyar uwar ɗakinsa. Sannan ya tambaye shi nawa sabo yake yanzu, mai terabait 1, kuma ko za a yarda ya biya sau biyu.